Jirgin Yaƙin da Ya Amsa Suna Uku: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Tarihin Agincourt

A cikin manyan jiragen ruwan yaƙi da aka ƙera a farkon ƙarni na 20, akwai guda ɗaya wanda ƙasashe uku suka mallaka tun kafin ya harba harsashi ko ɗaya a kan abokan gaba. Barazil ce ta ba da aikin ƙera shi, Daular Usmaniyya ta saye shi, sannan Birtaniya ta ƙwace shi ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da shi. Abin da ya aikata a fagen fama bai taka kara ya karya ba, amma sauya hannun da ya yi ya taɓa siyasar nahiyoyi uku, kuma wannan ne ya sa tarihinsa ya cancanci a tsaya a kansa.

Wane jirgi ne wannan, kuma a ina aka ƙera shi?

Kamfanin Armstrong Whitworth ne ya ƙera shi a ma'aikatarsa ta Elswick da ke bakin Kogin Tyne, kusa da birnin Newcastle a arewacin Ingila. An aza ƙashin bayansa ranar 14 ga Satumba, 1911, aka kuma tura gangar jikinsa cikin ruwa ranar 22 ga Janairu, 1913. Sunansa na farko Rio de Janeiro, wato sunan babban birnin Barazil na lokacin. Da Turkawa suka saye shi sai suka raɗa masa Sultan Osman-ı Evvel, don tunawa da Sarki Usman na Ɗaya wanda ya kafa daularsu. Turawan Ingila kuma suka kira shi Agincourt, sunan wurin da Sarki Henry na Biyar ya ci sojojin Faransa da yaƙi a 1415.

Tsawonsa ya kai kusan mita 205, faɗinsa mita 27, nauyinsa kuma ya haura tan 30,000 idan an cika shi da kwal da harsasai da abinci. Tukwanen tururi 22 ne suke ba injinansa ƙarfi, kuma yana iya gudun kimanin kilomita 41 a cikin sa'a guda. Ma'aikatansa a tsakiyar yaƙi sun haura mutum 1,200.

Me ya bambanta jiragen wannan zamani da waɗanda suka gabace su?

Kafin 1906, babban jirgin yaƙi yakan ɗauki manyan igwa huɗu ne kawai, tare da tarin matsakaita da ƙanana masu girma daban-daban. Da aka fara gwabzawa daga nesa, kamar yadda aka gani a yaƙin Tsushima tsakanin Japan da Rasha a watan Mayun 1905, sai ta bayyana cewa manyan igwa ne suke yanke hukunci, kuma cakuɗa masu girma daban-daban yana rikita masu saiti, domin ba sa iya tantance wace igwa ce ta harba harsashin da suka ga ya faɗa ruwa. A kan wannan tunani ne shugaban sojan ruwan Birtaniya, Admiral John Fisher, ya sa aka ƙera jirgin Dreadnought, wanda aka tura ruwa a watan Fabrairun 1906. Yana ɗauke da igwa 10 masu faɗin baki inci 12, kuma sabon nau'in injin tururi da aka saka masa ya sa ya fi takwarorinsa gudu. Fitowarsa ta mayar da duk manyan jiragen duniya tsofaffin yayi, har sunansa ya zama sunan da ake kiran duk wani jirgi mai irin tsarinsa. Daga nan kowace ƙasa mai son a san da ita ta shiga neman irinsa, masu hali da marasa hali.

Barazil ba ta cikin yaƙi da kowa. Me za ta yi da irin wannan jirgi?

A wancan lokaci kuɗi suna shiga Barazil sosai daga gahawa da kuma roba ta dajin Amazon, kuma shugabanninta suna ganin lokaci ya yi da za a lissafa ƙasarsu cikin manyan duniya. Sojan ruwanta kuwa ya koma bayan na Ajantina da na Chile. Saboda haka ta ba kamfanonin Ingila aikin manyan jirage biyu, Minas Geraes da São Paulo, waɗanda suka isa gida a 1910, kuma a lokacin da suka fito babu jirgin da ya fi su yawan manyan igwa. Maƙwabta ba su zauna ba. Ajantina ta ba da aikin Rivadavia da Moreno a Amurka, Chile ta ba da nata a Ingila. Rio de Janeiro shi ne jirgi na uku a shirin Barazil, kuma manufarsa ita ce ya zarce duk abin da maƙwabtan suke ƙerawa.

Gaskiyar magana ita ce, wannan gasa ta neman suna ce fiye da ta tsaro. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen uku da take da masana'antar ƙera irin waɗannan jirage, kuma kula da su kaɗai ya zame musu nauyi mai yawa.

Me ya sa aka ɗora masa manyan igwa har 14?

Wannan shi ne abin da aka fi saninsa da shi. Babu wani jirgi irinsa da aka taɓa ɗora wa manyan igwa 14, kuma babu wanda aka taɓa yi wa hasumiyar igwa bakwai a jere a kan layi ɗaya daga goshi zuwa ƙeya. Kowace hasumiya ɗaki ce na ƙarfe mai kauri da ke juyawa, tana ɗauke da igwa biyu, kuma a ƙarƙashinta akwai rami mai zurfi da ake hawo da harsashi da albarushi ta cikinsa daga rumbunan da ke can ƙasan jirgin.

Da farko an tsara jirgin ne da igwa mafi girma, masu faɗin baki inci 14. Amma a ƙarshen 1910 aka sami sabuwar gwamnati a Barazil ƙarƙashin Shugaba Hermes da Fonseca, kuma sabon ministan sojan ruwa ya ga cewa jirgin ya yi tsada da girma fiye da kima. Kamfanin Armstrong ya tura mai zana masa jirage, Eustace Tennyson d'Eyncourt, ya tafi Barazil da zane-zane iri-iri. Wanda aka amince da shi shi ne mai igwa 14 na inci 12, bisa dalilai biyu. Na farko, girman bakinsu ɗaya ne da na jiragen da ƙasar ta riga ta mallaka. Na biyu, yawan igwa abu ne da ɗan majalisa da mai karanta jarida za su iya ƙirgawa da idonsu su yi alfahari da shi. An sa hannu a kan kwangilar a watan Yunin 1911.

Wannan tsari yana da farashinsa. Hasumiya bakwai suna bukatar doguwar gangar jiki, doguwar gangar jiki kuma tana bukatar a shimfiɗa mata sulke a wuri mai faɗi, don haka sai sulken ya yi sirara. Kaurin sulken gefensa inci 9 ne a inda ya fi kauri, alhali jiragen Birtaniya na shekarun suna da inci 12, na Jamus kuma sun fi haka. Bugu da ƙari, rumbunan albarushi da ke warwatse daga wannan ƙarshe zuwa wancan sun ƙara yawan wuraren da harsashin abokan gaba zai iya samu ya tayar da gobara.

To, me ya sa Barazil ta sayar da shi tun bai kammala ba?

Abubuwa biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne boren da sojojin ruwan ƙasar suka yi a watan Nuwamban 1910. Yawancin ƙananan ma'aikatan jiragen baƙaƙen fata ne, 'ya'ya da jikokin bayi, domin sai a 1888 aka haramta bauta a Barazil, hafsoshi kuma farare ne, kuma har lokacin ana yi wa ƙananan bulala a matsayin horo. Ƙarƙashin jagorancin wani matuƙi mai suna João Cândido, suka karɓe iko da Minas Geraes da São Paulo, suka juya bakin igwa zuwa babban birnin ƙasar, suka ce ba za su miƙa wuya ba sai an daina dukan su. Gwamnati ta amince ta yi musu afuwa, daga baya kuma ta kama da yawa daga cikinsu. Tun daga nan sha'awar manyan jirage ta ragu a zukatan masu mulki, domin sun ga makamin da suka saya da tsada yana iya juyowa kansu.

Na biyu shi ne karyewar kasuwar roba. Irin itacen da Bature Henry Wickham ya kwasa daga Amazon a 1876 ya zama manyan gonaki a Malaya da Silon (Malesiya da Sri Lanka na yau), kuma da robar waɗannan gonaki ta cika kasuwa sai farashi ya faɗi. Gahawa ma ta yi ƙasa. Ga kuma labarin cewa jiragen da Chile ta ba da aikinsu za su ɗauki igwa mai inci 14, wanda ke nufin Rio de Janeiro zai fito ne an riga an wuce shi. A watan Oktoban 1913 Barazil ta sa shi a kasuwa.

Me ya ja hankalin Daular Usmaniyya gare shi, kuma daga ina ta sami kuɗi?

Daular ta fito ne daga jerin asarori masu ciwo. A zamanin Sarki Abdulhamid na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1876 zuwa 1909, an bar jiragen yaƙi a daure a mashigin Santambul shekara da shekaru suna tsatsa. Da Italiya ta kai hari Tarabulus a 1911, Turkawa ba su iya kai wa Libiya ɗauki ta ruwa ba. Da aka shiga yaƙe-yaƙen Balkan a 1912, wani jirgin Girka guda ɗaya mai suna Georgios Averof ya gagari rundunar ruwansu a karawa biyu, a Disamban 1912 da Janairun 1913, ya tsare su a mashigin Dardanel, Girka kuma ta kama tsibiran da ke dab da gaɓar Anatoliya irin su Lesbos da Kiyos. Duk wanda ke Santambul a lokacin ya fahimci cewa babban jirgi ɗaya yana iya sauya ma'aunin ƙarfi a Tekun Aegean.

Tun a 1909 aka kafa wata ƙungiyar tallafa wa sojan ruwa, wadda Turkawa ke kira Donanma Cemiyeti, don tara gudummawa daga jama'a. An karɓi kuɗi a kasuwanni da makarantu da shagunan shan gahawa, an yanki wani abu daga albashin ma'aikata, mata sun ba da kayan adonsu, kuma an ba da lambobin yabo ga waɗanda suka ba da kaso mai yawa. Gudummawar kaɗai ba ta isa ta biya kuɗin jirgin ba, sai da gwamnati ta ci bashi daga wani banki a Faransa. Amma wannan karo-karo shi ne ya sa talakan daular ya ɗauki jirgin a matsayin nasa, tamkar yadda mutanen unguwa suke ɗaukar masallacin da suka gina da guminsu. A ƙarshen watan Disamban 1913 aka kammala cinikin a kan fam miliyan 2 da dubu 750. Akwai kuma wani babban jirgin, Reşadiye, da kamfanin Vickers yake ƙera wa daular a Barrow. Girka da ta ji labari sai ta gaggauta sayen tsofaffin jirage biyu daga Amurka a 1914.

Yaya aka yi Birtaniya ta ƙwace shi?

A watan Yulin 1914 jirgin ya kusa kammaluwa, an yi masa gwaji a teku. A ƙarshen watan ne sojojin ruwan Turkiyya kimanin 500 suka iso Kogin Tyne domin su karɓe shi su tafi da shi gida. Shugabansu shi ne Kyaftin Husaini Rauf, wanda ya yi suna a yaƙin Balkan lokacin da ya fice da jirgin Hamidiye ya riƙa kai wa Girka hare-hare, a daidai lokacin da sauran rundunar take a killace. A Santambul kuwa ana ta shirin bikin tarbar jirgin.

Sai dai a wannan makon ne Turai take gangarawa cikin yaƙi, bayan kisan yariman Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni. Winston Churchill, wanda shi ne ministan sojan ruwan Birtaniya, ya ba da umarnin kada a bar jiragen Turkiyya biyu su bar ƙasar, kuma kada a bar Turkawa su kafa tutarsu a kansu, domin da zarar an kafa tuta jirgin ya zama yankin wata ƙasa a idon doka. A ranakun farko na Agusta sojojin Birtaniya ɗauke da bindigogi suka hau jirgin suka tsare shi, Rauf da mutanensa suna kallo daga jirgin da ya kawo su. Ranar 3 ga Agusta aka sanar da gwamnatin Usmaniyya a hukumance. Cikin 'yan kwanaki Sultan Osman ya koma Agincourt, Reşadiye kuma ya koma Erin.

Shin Birtaniya tana da hurumin yin haka a doka?

Al'ada ce sananniya cewa ƙasar da ke cikin yaƙi tana iya karɓe jiragen da ake ƙerawa a ma'aikatunta, ta biya masu su. Matsalar ita ce, lokacin da aka tsare jirgin Birtaniya ba ta shiga yaƙi ba tukuna, sai ranar 4 ga Agusta ta shelanta yaƙi a kan Jamus, kuma Daular Usmaniyya ba abokiyar gabarta ba ce. Hasali ma akwai tawagar hafsoshin ruwan Birtaniya a Santambul, ƙarƙashin Admiral Arthur Limpus, tana horar da sojojin ruwan daular. Lauyoyin gwamnatin Birtaniya kansu sun nuna cewa matakin ba shi da madogara ƙwaƙƙwara, aka dai zartar da shi bisa hujjar larura.

Ta fuskar soja ana iya fahimtar tsoron Churchill. Ratar da ke tsakanin manyan jiragen Birtaniya da na Jamus a Tekun Arewa ba ta da yawa a 1914, kuma jirage biyu a hannun ƙasar da ke karkata ga Jamus ba ƙaramin haɗari ba ne. Amma yadda aka yi abin ya nuna raini. A daidai wannan lokaci akwai jirgin Chile, Almirante Latorre, a hannun kamfanin Armstrong ɗin. Shi ba a ƙwace shi ba, an yi ciniki ne aka saye shi a watan Satumba, ya yi yaƙi da sunan Canada, sannan aka sayar wa Chile da shi a 1920. Turkawa kuwa an fara karɓe nasu ne, daga baya aka yi musu tayin diyya bisa sharaɗin su zauna 'yan ba-ruwanmu. Wanda ya kwatanta waɗannan mu'amaloli biyu zai gane dalilin da ya sa fushin ya yi zurfi.

Ƙwace jirgin ne ya jefa Daular Usmaniyya cikin yaƙi a ɓangaren Jamus?

Ana yawan faɗin haka, amma maganar tana bukatar gyara. Ranar 2 ga Agusta, 1914, wato kafin a sanar da Santambul ƙwacen a hukumance, ministan yaƙi Enver Pasha da wasu 'yan tsirarun shugabanni sun riga sun ƙulla yarjejeniyar sirri da Jamus. Abin da ya tura su shi ne tsoron Rasha, wadda ta daɗe tana kwaɗayin Santambul da mashigan ruwanta, da kuma ganin cewa Birtaniya da Faransa ba su nuna sha'awar ƙawance da su ba. Saboda haka ba ƙwace jirgin ne ya haifar da ƙawancen ba.

Abin da ƙwacen ya yi shi ne ya ba masu son Jamus makamin da ba su da shi a da, wato zuciyar jama'a. A majalisar ministoci akwai waɗanda ba sa son shiga yaƙi, kuma har cikin sojan ruwa akwai masu ƙaunar Birtaniya, amma bayan abin da ya faru a Kogin Tyne babu wanda zai iya tsayawa a bainar jama'a ya kare Ingila. Jamus kuwa ta yi amfani da damar nan take. Ranar 10 ga Agusta jiragenta biyu, Goeben da Breslau, waɗanda suka kuɓuce wa rundunar Birtaniya a Bahar Rum, suka shiga mashigin Dardanel. Aka shelanta cewa daular ta saye su a madadin waɗanda aka ƙwace mata, aka sa musu suna Yavuz Sultan Selim da Midilli, ma'aikatansu Jamusawa suka sa jar dara, kwamandansu Wilhelm Souchon kuma ya zama shugaban rundunar ruwan Usmaniyya. A ƙarshen Oktoba Souchon ya fita da jiragen zuwa Bahar Aswad, ranar 29 ga wata ya yi ruwan wuta a kan tashoshin Rasha, har da Odesa da Sebastopol. A farkon Nuwamba Rasha da Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi a kan daular.

Don haka amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce, ƙwacen bai buɗe ƙofar yaƙi ba, amma ya raunana waɗanda suke ƙoƙarin riƙe ta a rufe.

Wannan lamari ya taɓa ƙasashenmu ta wata hanya?

Jirgin kansa bai taɓa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma ba, amma shigar Daular Usmaniyya yaƙi ta iso har nan. A watan Nuwamban 1914 aka yi shelar jihadi a Santambul da sunan Sarki Mehmed na Biyar a matsayinsa na halifa, abin da ya tayar da hankalin Turawan mulkin mallaka a duk inda suke mulkin Musulmi, har da Arewacin Nijeriya. A Darfur, Sarki Ali Dinar ya karkata ga Turkawa, Turawan Ingila suka yaƙe shi suka kashe shi a 1916. A ƙasar Abzin kuma, Kawusan, wanda yake da alaƙa da 'yan Sanusiyya na Libiya masu ƙawance da Turkawa, ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. Waɗannan tashe-tashen hankula suna da dalilansu na gida, amma yaƙin da daular ta shiga ya ba su ƙarfin gwiwa.

Wane hali jirgin ya kasance a hannun sojan ruwan Birtaniya?

An tsara cikinsa ne don jin daɗin hafsoshin Barazil, da faffaɗan ɗakin cin abinci da ɗakunan kwana masu yalwa, kuma don a sami wannan yalwa an rage bangayen ƙarfe da ke raba cikin jirgi kashi-kashi don hana ruwa yaɗuwa idan an huda shi. Saboda ƙawar cikinsa sojojin Birtaniya suka yi masa laƙabi da Fadar Giya. Kafin ya shiga aiki an cire wata gada ta ƙarfe da ke saman hasumiyoyin tsakiya, don gudun kada ta rufto musu idan harsashi ya same ta, an kuma sauya banɗakunan tsuguno da aka yi wa Turkawa. Da yake an karɓe shi ba shiri, sai da aka tattaro ma'aikata daga wurare daban-daban, har da na jirgin shaƙatawar Sarkin Ingila. Hasumiyoyinsa bakwai kuwa, ma'aikata suka raɗa musu sunayen kwanakin mako, daga Lahadi zuwa Asabar.

Ya shiga Babbar Rundunar Birtaniya a sansaninta na Scapa Flow da ke tsibiran Orkney a arewacin Sukotlan. Yawancin shekarun yaƙin ya yi su ne a sintiri da atisaye cikin sanyi da hazo, yana cikin rundunar da ta datse wa Jamus hanyar teku. Aiki ne mai gajiyarwa, musamman ga masu loda kwal da masu zuba shi a wuta dare da rana, amma wannan datsewa ita ce babbar gudummawar rundunar ga nasarar da aka samu.

Ya taɓa shiga yaƙi na gaske?

Sau ɗaya, a gwabzawar Jutland da aka yi ranar 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni, 1916, a Tekun Arewa daura da gaɓar Denmak. Ita ce karawa mafi girma da aka taɓa yi tsakanin irin waɗannan jirage, inda Admiral John Jellicoe ya jagoranci rundunar Birtaniya, Admiral Reinhard Scheer kuma ta Jamus. Agincourt yana cikin rukuni ɗaya da Marlborough da Revenge da Hercules, a ƙarshen layin Birtaniya, ɓangaren da ya fi kusa da Jamusawa lokacin da rundunonin biyu suka haɗu da yamma.

Tun kafin wannan rana akwai raɗe-raɗi a cikin runduna cewa idan ya harba igwa 14 a lokaci guda jikinsa ba zai jure ba. A Jutland ya harba su gaba ɗaya, kuma bai sami lahani ba. Kowane harsashi nauyinsa ya kai kilo 386, wato harbi ɗaya yana tura fiye da tan 5 na ƙarfe zuwa nisan da ya haura kilomita 15, kuma waɗanda suke jiragen kusa sun ba da labarin cewa wutar da ta tashi ta yi kama da ta jirgin da ya fashe. Gaba ɗaya ya harba manyan harsasai 144 da matsakaita 111, cikin hayaƙi da hazon da ya sa ba a ganin abokan gaba sai jefi-jefi, kuma ba a tabbatar masa da ya sami wani jirgi ba. Ya kauce wa makaman ƙarƙashin ruwa da aka harbo wa rukuninsa, amma ɗaya ya sami Marlborough, wanda hakan ya rage wa rukunin gudu har suka koma baya cikin dare. Agincourt ya fita ba tare da ya rasa mutum ko ɗaya ba.

A wannan gwabzawa Birtaniya ta rasa jirage 14 da mutum sama da 6,000, Jamus ta rasa jirage 11 da mutum sama da 2,500. Duk da haka rundunar Jamus ce ta koma tasharta, datsewar kuma ta ci gaba. Agincourt yana cikin jiragen da suka tarbi rundunar Jamus lokacin da ta miƙa wuya ranar 21 ga Nuwamba, 1918.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

A 1919 aka ajiye shi a tashar Rosyth. An yi wa Barazil tayin ta sake sayensa, ta ƙi, domin a lokacin manyan ƙasashe sun koma igwa mai inci 15 da 16. An fara tunanin mayar da shi rumbun tafi-da-gidanka na rundunar ruwa, sai yarjejeniyar Washington ta Fabrairun 1922 ta zo, wadda Amurka da Birtaniya da Japan da Faransa da Italiya suka sa wa hannu don taƙaita yawan manyan jiragensu. A watan Disamban 1922 aka sayar da shi ga masu sare ƙarfe, daga baya kuma aka wargaza shi. Goeben, wanda Jamus ta bayar a madadinsa, ya ci gaba da aiki a rundunar Turkiyya da sunan Yavuz har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a shekarun 1970 aka sare shi.

An mayar wa Turkawa kuɗinsu?

Ba a mayar ba. Tayin diyyar da Birtaniya ta yi a 1914 ya faɗi da zarar daular ta shiga yaƙi. Husaini Rauf, wanda aka hana shi hawa jirgin a Kogin Tyne, shi ne ministan sojan ruwan da ya sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Mudros ranar 30 ga Oktoba, 1918, a cikin jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Agamemnon. Daga baya ya shiga gwagwarmayar Mustafa Kemal, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, aka san shi da Rauf Orbay, kuma shi ne firaministan gwamnatin Ankara lokacin da ake tattaunawar sulhu a birnin Lausanne na Suwizalan. Wakilan Turkiyya sun ta da maganar kuɗin jiragen a wurin tattaunawar, amma aka haɗa ta cikin babban lissafin diyyar yaƙi, inda kowane ɓangare ya yafe abin da yake bin ɗaya. Sashe na 58 na yarjejeniyar Lausanne, wadda aka sa wa hannu ranar 24 ga Yuli, 1923, ya faɗa a fili cewa Turkiyya ta janye duk wata bukata ta a biya ta kuɗin jiragen yaƙin da Daular Usmaniyya ta ba da aikinsu a Ingila, waɗanda gwamnatin Birtaniya ta karɓe a 1914.